Ƙarshen Da Ban Isa In Sauya Ba

Zuwa ga Zaituna, sanyin idona, inuwar ceɗiyata a tsakiyar bazara, ruwan farkon damina mai tayar da ƙamshin ƙasa, wadda sunanta ya fi nawa zama a bakina.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Iya da duk mutanen gida a Sandamu. Ni kam lafiyar jiki ce kawai ta rage min. Kwana tara na yi ban kai bakina makirfo ba, har masu zuwa tura fim a waya suka fara tambaya ko Nu'uman mai fassara ya bar Daura ne. Ban kira ki ba domin na san halin muryata. Da ita nake cin abinci, kuma ba maganar da ba ta iya shafa wa zuma ba. Alƙalami bai iya wannan ba, shi ya sa na zaɓe shi.

Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagona? Laraba ce da la'asar, kina neman finafinan lalacewar duniya domin rubutunki na kammala karatu. Na ba ki wanda na fassara, ina ta hura hanci. Washegari kika dawo kika tsaya a bakin ƙofa, kika ce na yi wa fim ɗin ƙarya, domin jarumin mutuwa ya yi a gindin katanga, ni kuwa na ɗora muryata na ce suma ya yi, zai farfaɗo. Na ce miki mutanenmu ba sa son tashi daga kallo da ɗacin rai. Sai kika yi dariya. Wayyo wannan dariya! Tun daga ranar ban ƙara mallakar kaina ba.

A kan bencin ƙofar shago, janareton maƙwabcina Nwafor yana ta ƙugi, kika tsefe min irin waɗannan finafinai kamar mai tsefe kitso. Kika ce yawanci da gari mai tsafta ake buɗewa, layi a miƙe, kowa da lambarsa, kowa ya ci ya ƙoshi, amma ba mai dariya. Jarumi kuma ba ɗan tawaye ba ne da farko. Ma'aikaci ne mai biyayya, sai wani ƙaramin abu ya faɗo hannunsa, tsohon hoto ko ƙwayar iri, ya fara tambaya. Ba a rasa katangar da ta kewaye garin. Akwai kuma gwajin da ake yi wa mutane a rarraba su, a ce wane ya dace da wance, wane kuwa haram. Sannan a tsakiyar garin akwai ƙarya guda ɗaya da komai ya jingina da ita, kamar ginshiƙin rumfa. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne da kika ce mai riƙe da ƙaryar ba ya ganin kansa mugu. Fuskarsa ce ke cika allo, muryarsa a tausashe, yana cewa don yana ƙaunar mutanensa ne ya ɓoye musu. Na ce ai wannan mahaukaci ne. Ashe kaina nake zagi ban sani ba.

Zaituna, farin watana, ga abin da na aikata. Da Baffanki ya ce sai na yi gwajin jini kafin a tsayar da rana, ke kin daɗe da sanin naki, AS ne. Na je ni kaɗai karɓar nawa. Uju, ma'aikaciyar ɗakin gwajin, ta miƙo min takarda, ta ce in zauna tukuna. Ni ma AS ne. Na fito rana tsaka, babura na ta wucewa, mai fura na ta damu, amma ni garin ya koma min irin na fim ɗin nan, ba mai dariya a cikinsa. Kafin in kai shago kika kira, kina tambayar sakamako. Sai bakin nan nawa, wanda ya saba tayar da matattu a fim, ya ce miki AA ne, alhamdu lillahi. Ina jin guɗar da Iya ta rangaɗa a bayanki. Wallahi har yanzu ba ta bar kunnena ba.

Kuma ke fa na yi wa! Ke da kika tashi kina murza wa yayarki Firdausi ƙafa da hannu duk sanda ciwon sikila ya motsa, har Allah ya karɓi abarsa. Ke da kika faɗa min, idonki jawur, cewa ba za ki haifi ɗan da zai yi irin kukanta ba muddin kina da zaɓi. Da wane ido zan kalle ki? Da wane baki zan ƙara kiran ki tawa?

Na lallashi kaina iya lallashi. Na ce haɗarin sikila a kowane ciki ai ɗaya ne cikin huɗu, na ce Allah ne mai tsarewa, na ce wasu sun yi sun tsira. Na ma so in ce mu ne masoyan nan na fim da ke riƙe hannu su haura katanga. Amma a fim azzalumi ne ya gina katangar. Wannan kuwa ba wanda ya gina ta don mugunta, kuma in ta faɗi ba ni za ta danne ba, jinjiri za ta danne wanda ba a yi shawara da shi ba. Da na ƙara dubawa sai na ga ba ni ne jarumin labarin ba. Ni ne mai fuskar nan a kan allo, mai murya mai laushi.

Kin taɓa ce min hanya biyu ake rufe irin wannan labari. Ko jarumi ya tona gaskiya ya rasa komai, ko garin ya haɗiye shi ya koma layi yana murmushi. Jibi Juma'a manyana za su zo tsayar da rana. Ba zan bari su zauna a kan tabarmar Baffanki da ƙaryata a aljihu ba. Takardar gwajin tana naɗe cikin wannan wasiƙa. Ki fara karantawa kafin kowa, domin ke na fara zalunta.

Ba na roƙon ki aure ni, sanyin zuciyata, kuma bakina ba zai iya cewa ki bar ni ba. Hukunci na hannunki, duk inda kika yanke zan bi, ko da zuciyata za ta tsage kamar ƙasar fadama da rani. Abu ɗaya nake roƙo. Ki tsani ƙaryar da na yi, ta cancanta, amma don Allah kada ki haɗa da son da nake miki. Shi kaɗai ne abin da ban taɓa ƙara wa gishiri ba.

Yau da safe na koma kan makirfo. Na ɗauko fim ɗin nan da kika kama ni a kansa, na goge tsohuwar muryata. Da jarumin ya faɗi a gindin katanga sai na yi shiru, na bar shi ya mutu.

Naki, ko an ɗaura ko ba a ɗaura ba, har ƙasa ta rufe idona,

Nu'uman