Hoton da Ba a Karɓa Ba

Zuwa ga ɗiyata, Sarkin Shiru,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kin fara sabawa da sabon wurin aiki. Tunda Allah ya kai ki birnin da muka yi makaranta ni da ’yar’uwata, marigayiya mahaifiyarki, ga aikin gida na ba ki. Malama ba ta ritaya.

Kin sha tambayata kamanninta, ga shi gobara ta cinye hotunanmu tun kina goye. To, wataƙila akwai saura guda. Wata Asabar mun shiga tsohon gari, ta sayi takalmi mai tsini, muka kalli fim, muka ɗauki hoto. Hutu ya zo, ba mu koma karɓa ba. Yanzu na ji ƙarshen watan nan za a rushe layin da shagon mai hoton yake.

Daga tasha ki ƙirga layi uku, ki shiga dama. Za ki wuce masu gyaran agogo, shagon mai hoton yana jikin silima. Ki ɗaga kai ki kalli gine-ginen, tarihi ne a tsaye!

Allah ya yi miki albarka.
Innarki

*

Inna,

Ina gaishe ki, ya ƙafar taki? Na je ranar Asabar. Layi na uku ba agogo, ba silima, sai masu waya da masu labule. Awa biyu ina sama da ƙasa, har wani mai jarida ya ce, “Hajiya, miji ne ya ɓata, mu taya ki cigiya?”

Tarihi na gan shi a tsaye. Ni ce na kusa zubewa. Ina ganin a haƙura.

Ki huta lafiya.
Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Gaisuwa da ban haƙuri. Jan biro a kaina ya hau wannan karon. Na tambayi tsohon direban makarantarmu, ya yi ta yi mini dariya: ashe shekara ashirin ke nan da mayar da tashar ɗaya gefen garin. Kin ƙirga daidai, ni ce na ba ki mafari na zamanin da. Tsohuwar tashar ita ce gidan kayan tarihi na yanzu, mai ƙofar ƙarfe. Daga nan za ki fara.

Kwana tara ya rage. Kada ki ce mini a haƙura, ban koya miki haka ba.

Innarki

*

Inna,

Ina gaisuwa. Na samu wurin. Silimar ta zama rumfunan takalma, amma tagar sayar da tikiti tana nan. Masu agogo saura mutum biyu. Na tarar da mai hoton yana zuba kaya a kwali, tsoho ne tukuf.

Na faɗa masa sunayenku, ya ce, “Suna? ’Yan makaranta da suka sato jiki zuwa silima, wa zai ba ni sunan gaskiya? Ni abin da idona ya gani nake rubutawa.” Na ba shi shekarar, muka zazzage kwali uku. A bayan wani ambulan ya rubuta: “Su biyu, kaya iri ɗaya, ɗaya ta sha kunu.” Ya dube ni, ya dubi hoton, ya miƙo mini. “Kun makara da zuwa karɓa,” in ji shi.

Ga kwafi na sako miki. Kamarku ta yi yawa, Inna, kuma ba rubutu. Ɗaya tana dariya har da dafa kujera. Ɗayar ta ɗaure fuska, kuma ita ce mai takalmi mai tsini. Na ɗauka ita ce mahaifiyata, don kin ce ita ta saya, kuma fuskar da nake gani a madubi ke nan. Amma ba na son in rataye hoto ina kallon wadda ba ita ba. Wace ce?

Ɗiyarki

*

Ɗiyata,

Na gode, Allah ya biya ki. Gilashina ya sha shafa tun jiya.

Kin faɗi wannan tambayar. Takalmin matse ta ya yi tun a silima, ta lallaɓe ni muka yi musaya. Mai shan kunun ni ce, yatsuna ke ƙuna. Mai dariyar ita ce uwarki, kuma ni take yi wa.

Ki rataye shi inda za ki riƙa gani da safe.

Innarki