Ɗakin Taurarin Auta

Maman Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da Yaya da maigidanta. Allah ya saka musu da alheri da suke riƙe da ke.

Bayan gaisuwa, ɗakin kallon taurari da nake ginawa a bayan gida ya kusa kammala. Zanen da Auta ta bari a littafinta na bi, ban sauya ko taku ɗaya ba. An zuba ginshiƙin siminti a tsakiya, inda madubin hangen nesanta zai zauna don kada ya yi rawa. Mai walda ya ɗora rufin a kan tayoyi, da hannu ɗaya ake tura shi, sama ta bayyana. Ya ce mini, "Malam, kaji za ka zuba ne?" Na yi dariya, karo na farko tun rasuwarta.

Wata huɗu ke nan. Ki dawo gida.

Ki huta lafiya,
Baban Auta

Malam,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, Yaya tana gaishe ka.

Ba zan ɓoye maka ba. Kwana tara da rasuwar yarinyar nan ka kira magina. Ina ɗaki ina ninke kayanta, kai kana waje kana jan igiyar awo. Duk bugun guduma a ƙirjina yake sauka. Shekara uku tana roƙonka ɗakin nan, kana cewa sai ta gama makaranta. Yanzu wa kake gina wa?

Kana dai shan maganin hawan jininka?

Sai na ji daga gare ka,
Maman Auta

Maman Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ina shan maganin.

Kin tambayi wa nake gina wa. Abin da na sani, da zarar na zauna sai in ji muryarta: "Baba, yaushe?" Shi ya hana ni zama.

An gama ɗakin. Jiya bayan isha'i na ɗora madubin, na tura rufin, na nemi tauraron nan mai zobe da take jan hannunmu mu zo mu gani. Ban ga komai ba. Na juya, na kunce, na ɗaure, babu. Sau nawa ta so ta koya mini, ina ce mata gobe. Na zauna a kan simintin na yi kukan da ban taɓa yi a gabanki ba.

Allah ya ƙara mana haƙuri,
Baban Auta

Malam,

Ina gaishe ka. Ba rashin iyawarka ba ne. Ƙaramin gilashin da ake ɗora ido a kai yana wurina, na cire shi ranar da zan tafi. Akwai shatin kwallinta a bakinsa. Na ji tsoron ka gan shi ka ɗauka datti ne ka goge. A ƙullin mayafina yake, ko Yaya ba ta sani ba.

Ban san ka yi kuka ba. Na ɗauka ni kaɗai ce.

Ka yafe mini. In kana so, in ba direban mota ya kawo maka.

Taka,
Maman Auta

Maman Auta,

Salama. Kada ki ba kowa, kada ki goge. Na mayar da rufin na kulle ɗakin.

Ranar da kika iya, ki zo da shi da hannunki. In ba ki iya ba tukuna, zan zo ranar Asabar in gan shi, in koma.

Naki,
Baban Auta