Tagumin Da Ka Koya Wa 'Yata

Zuwa ga Malamin Turanci na aji biyu, makarantar 'yan mata ta garinmu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya fama da yara? Ni ne mahaifin Hadiza, mai fataucin gero tsakanin Sabon Birni da Burkusuma. Ƙara na kawo, kuma kai nake ƙara.

Na ɗaya. Ka koya wa yara su tallafi haɓa da hannu in za su rarraba kalma, wai duk motsin haɓa gaɓa guda ce. Ka ce irin su thermometer da photosynthesis daga Girkanci Bature ya aro su, sai an datsa su gaɓa-gaɓa kamar rake kafin su taunu. Na yarda. Amma Malam, a ƙasar Gobir hannu a haɓa sunansa tagumi.

Na biyu. Hadiza ta koma zama a zaure da tagumi tana motsa baki, ƙannenta suka jeru suna kwaikwayo. Na dawo daga kasuwar Isa na tarar maƙwabcina ya aiko mana da kwanon dawa, wai ya ga alamar babu a gidana. Ni mai sayar da hatsi! Har yau kunya ta hana ni haɗa ido da shi.

Na uku, shi ne ya fi ci mini rai. Mahaifiyata ta yi imani yaro mai tagumi mutuwar iyayensa yake kira. Ta buge hannun yarinyar ta ce, "Wagga makaranta mi taka koya maki? Kashe mani ɗa za ki yi? In hutu ya ƙare an koma, ba ki komawa!" Inna kuwa ba ta magana biyu. Hadiza likita take son zama, ta yini tana kuka.

Na so in nuna wa Inna abin karatu ne. Na ɗora hannu a haɓa, na fara "pho-to-syn", ban kai ƙarshe ba ta saki salati, wai abin ya kama babba.

Roƙona biyu ne. A sauya dabara, su ƙirga da yatsu kamar tasbihi. Sannan ka taka da kanka ka yi wa Inna bayani kafin hutu ya ƙare, don ban so Girkanci ya raba 'yata da karatu. Fura na jiranka. Amma don Allah, in ka zauna gabanta, ka bar hannuwanka cikin aljihu.

Allah ya ƙara maka basira, ya raba ka da tagumi na gaske.

Wassalam.

Naka,
Baban Hadiza