Inda Ƙahon Cleophas Ya Tsage

New Orleans, Maris 1925

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Philomene,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Chicago? Mama ta ce in tambaye ki ƙafar nan, kuma ta ce ki daina wanki da ruwan sanyi. Mu nan lafiya lau.

Yaya, nemi wuri ki zauna. An ɗauki busar Cleophas a faifai! Mijin nan nawa da kika ce ba abin da zai tsinana da ƙaho sai tara mana mashaya a ƙofar gida. Wasu Turawa ne suka zo daga arewa da na'urarsu, suka kama ɗaki a saman wani shago a titin Canal, suna neman makaɗan jaz. Kin san ni da son ganin ƙwaƙwaf, na ce ƙafata ƙafarsa. Ya ce, "Zella, ba fa wurin mata ba ne." Na ce, "To wa zai riƙe maka kwat?" Haka muka hau ta matakalar baya, ni da shi da mutanensa.

Ɗakin nan zafi kamar gidan burodi. An rufe tagogi, an rataye barguna a bango. Na kasa haƙuri na tambayi Baturen da ke kula da na'urar ko hura wuta suke yi a watan Maris. Ya ce dole ne, don a kan faifan kaki ake ɗaukar sautin, in kakin ya yi sanyi allura ba ta iya karce shi. Wani ƙaton mazurari ne ya leƙo ta cikin labule, a bakinsa ake busa, allura kuma tana can baya tana zane. Na ce, "To ina sautin yake shiga?" Ya ce cikin zanen. Na ƙura wa zanen ido, ni dai ban ga komai ba sai layi. Har yau abin yana yi min yawo a kai.

Aka hana mai ganga babbar gangarsa, wai tana sa allura tsalle. Cleophas kuma aka ce ƙahonsa ya fi ƙarfin na'urar, aka yi ta cewa ja baya, ja baya, har ya jingina da ƙofa kusa da ni. Octave mai sarewa ya ce, "Ku buɗe masa ƙofar mana, ya busa daga titi."

Suka ɗauki kiɗan nan da ya yi min lokacin yana nemana, wanda ya sa wa suna "Ozella Ta Fito". Karo na farko jirgin ƙasan da ke bin titi ya wuce da ƙararrawa ya ɓata. Na biyu kakin ya tsage a hannun ma'aikacinsu. A na uku komai ya tafi sumul har wurin nan na kusa da ƙarshe, inda yake hawa can sama shi kaɗai. Gumi ya jiƙa masa leɓe, bakin ƙahon ya zame, sautin ya tsage gida biyu kamar zakaran da ya shaƙe, sannan ya kamo shi. Ina gefensa, na ga yadda kunnensa ya motsa don kunya.

Ya roƙa a sake. Baturen ya ce kaki ya ƙare, wannan ma ya yi. Cleophas ya ce to a sa ya ji. Aka ce ai ba a saurare, in allura ta sake bi ta kai ya lalace, sai an kai arewa an buga. Kin ji wani abin mamaki, a ɗauki muryar mutum a hana shi ji!

Da muka dawo ko kallon jan wake da shinkafar da na dafa bai yi ba. Ya ce, "Zella, wurin nan ko a buge ban taɓa kuskure shi ba." Na ce wa zai lura? Ki gaida kowa.

Taki ƙanwa,
Ozella Dugas

New Orleans, Yuni 1926

Yaya Philomene,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan jaririn ya fara zama. Wasiƙarki ta iso, na yi dariya da kika ce kin sayi faifan har kina kiran maƙwabta su zo su ji mijin ƙanwarki. Ashe yanzu ya zama naki! Ki riƙe faifan da kyau, don namu ya tafi. Cleophas ya zauna a kansa, wai bai gani ba. Faifan da ke kan garmaho, Yaya, ta yaya mutum zai zauna a kansa bai gani ba?

Na ce wa zai lura, ko? To duk garin nan ya lura, amma ba yadda muka zata ba. Kin san samarin nan masu koyon busa ba takarda suke karantawa ba, kunne suke kasawa. Sai su sa faifai, su ɗage allura, su mayar, har su haddace komai. Sun haddace har da tsagar. Ran Lahadi muna dawowa daga coci, keken doki ya wuce da makaɗa suna tallar gidan rawa, kiɗan namu suke yi. Da mai ƙahon ya zo wurin nan sai ya tsaga sautin, tsaf yadda yake a faifai, jama'a suka ɗauki ihu. Cleophas ya tsaya cak a tsakiyar titi. Ya ce, "Ɗan banzan nan zagina yake yi?" Na ce, "Zagi kuma? Dubi yadda yake ɗaga maka hula."

Har suna suka sa wa tsagar, wai kukan Dugas. An ce akwai wanda ya fasa leɓensa garin koyo.

Abin da ya fi ba ni dariya, kuma ya fi ba ni tausayi, shi ne a wurin rawa. In ya busa wurin daidai sai mutane su ce, "A'a, Dugas, yi mana irin na faifai!" Mai gidan rawar ma ya ja shi gefe ya ce kada ya riƙa yi wa jama'a rowa. Cleophas ya shiga rumfar baya ya yi ta ƙoƙarin tsaga shi da gangan, wallahi ya kasa. Kowane saurayi a unguwar nan ya iya kuskuren mijina, ban da mijina.

Na tambaye shi me ya sa abin yake cin sa haka, tunda suna so. Ya ce, "In na mutu, wannan ne zai tsaya a madadina. Jikokina za su ce haka kakansu yake busa." Ni kaina ina ta tunani, in mutum ya busa abu sau dubu daidai a iska, sau ɗaya ba daidai ba a kaki, wanne ne nasa? In maigidanki yana da amsa, ki rubuto min, tunda shi mai yawon duniya ne a jirgin ƙasa.

Mama tana gaishe ki.

Taki,
Ozella

New Orleans, Nuwamba 1952

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jikin, yaya jikoki? Na ji daɗi da aikin idon ya yi kyau. Nan ma da sauƙi, sai gwiwa.

Kin san tun da gidajen rawa suka mutu Cleophas ya koma shafen gini, ƙahon yana saman kabad. To wani saurayi Bature ya zo mana daga Minnesota, Lindqvist, dogo kamar falwaya, ga ladabi. Ya ce ya yi shekaru yana neman mai kukan Dugas, ana ce masa ya mutu. Ya zo da sabuwar na'ura mai zare, wadda ake ɗauka a saurara nan take, a goge a sake. Ni ce na fara gwadawa, na ce "Ozella ce", ta mayar min. Ashe haka muryata take? Shekara da shekaru ba wanda ya gaya min.

Da Cleophas ya ji ana iya sakewa, sai na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce a ba shi lokaci. Makonni ya yi a rumfar baya yana tayar da leɓensa, yana shafa masa man kaɗe, karnukan unguwa suna taya shi. Ya tattaro tsofaffin da suka rage, har da Octave.

A falonmu aka sake ɗaukar "Ozella Ta Fito", da hantsi, tagogi a buɗe. Yaya, da kin ji! Ya hau wurin nan ya zauna a kai daram, sautin ya fita fes, ya riƙe shi har na ji tsoron numfashinsa. Ya sauke ƙahon yana murmushi kamar ranar aurenmu.

Sai yaron nan ya yi gyaran murya. Ya ce, "Madalla, Baba Dugas. Amma ko za mu sake? Ka manta kukan."

Octave ya fashe da dariya har sarewarsa ta faɗi. Cleophas ya ce, "Ɗana, ba kuka ba ne. Gumi ne. Ɗakin ne da zafi." Yaron ya yi murmushi irin na wanda ya ɗauka tawali'u ake yi masa. Ashe ya yi dogon rubutu a makarantarsu, wai a cikin tsagar nan ana jin kukan kakanninmu a gonakin rake. Na ce, "Ni ina wurin, kwat ɗinsa ma a hannuna yake." Ya rubuta abin da na faɗa, amma na ga alamar bai yarda ba.

Cleophas ya ƙi sakewa. An buga faifan yadda yake so, ga shi nan zan aiko miki. Wata jarida ta ce tsoho ya yi ƙoƙari, sai dai wutar da ke cikinsa a da ta mutu. Na ɓoye jaridar, Octave mai bakin tsiya ya karanta masa.

Jiya muna zaune a baranda ya ce, "Zella, ranar da za a kai ni, na san za su busa kiɗan nan. Ki tsaya a kansu su busa daidai. Ko sau ɗaya garin nan ya ji yadda na yi miki shi." Na ce ya daina min irin wannan magana. Ya ce sai na yi alkawari. Na yi.

Ƙanwarki,
Ozella

New Orleans, Afrilu 1961

Yaya Philomene,

Ina gaishe ki, ina kuma gode miki da saƙon ta'aziyya. Kada ki damu da rashin zuwanki, na san jikin ba zai ɗauki tafiyar ba. Yara suna kula da ni. Kin ce in ba ki labarin jana'izar, ga shi.

Kafin ranar na kira Octave, tunda shi ne zai ja makaɗan. Na gaya masa wasiyyar. Ya dafe kai ya ce, "Haba Zella! In muka busa shi daidai, mutane za su ce mun yi kuskure." Na ce, "Su ce." Ya ce, "Yaran nan da tsagar suka koye shi, a jininsu take." Na ce, "To ka cire ta. Kai ma ai kana ɗakin, ka san gumi ne." Ya tara su a rumfar bayanmu, ina jin sa yana yi musu tsawa, "Kai, mai kunnen ƙashi, hau ka zauna, kada ka zame!" Na yi dariya ni kaɗai a kicin, karo na farko tun rasuwar.

Daga coci zuwa maƙabarta suka tafi a hankali da waƙoƙin ibada, yadda aka saba. Ban taɓa sanin yana da jama'a haka ba. Da aka sa shi a makwancinsa muka juyo, mai ganga ya saki hannu, lemomi suka buɗe, hankici ya tashi sama, aka shiga "Ozella Ta Fito". Titi ya cika da rawa.

Da aka doso wurin, na ga mutane suna ɗaga lemominsu, baki a buɗe, suna jiran kukan su yi ihu. Masu ƙaho suka hau tare, suka zauna a kai, fes, ba ko gargada. Haka yake busa min shi a ƙofar gidan Mama kina leƙe ta taga. Ihun bai zo ba. Wata mata a bayana ta ce, "Kai, yaran zamani! Sun ɓata wa tsoho kiɗansa a ranar jana'izarsa." Octave ya waigo ya dube ni, hawaye har gemu, na gyaɗa masa kai.

Na cika alkawari, Yaya, kuma na ji daɗi. Amma ga abin da ban zata ba. Ashe ni ma jira nake yi. Ƙirjina ya ɗaga yana jiran sautin ya tsage, da bai tsage ba sai na tsaya cak a tsakiyar titi, yara suka tare ni. Ban yi kuka a asibiti ba, ban yi a coci ba, a nan na yi. Wanda suka busa kowane gwani zai iya busa shi. Wancan kuwa mutum ɗaya ne ya taɓa yin sa ba da niyya ba, yana jingine da ƙofa, gumi yana zuba, kunnensa yana motsi, ni kuma ina gefensa da kwat a hannu.

Na sa sabon faifan a gida, yana da kyau ƙwarai, shi ne wanda zan bar wa jikoki kamar yadda ya so. Amma ina roƙonki abu ɗaya. Tsohon nan da kika saya kina kiran maƙwabta, in yana nan, ki naɗe shi cikin tawul ki ba wani mai zuwa ya kawo min da hannu, kada ki sa a gidan waya. Yanzu ba mai zama a kansa.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarki har kullum,
Ozella Dugas