Janaretanmu Zai Raba Baba da Yaya

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina. Shekarata goma sha shida, kuma ni ko gaisuwa sai na maimaita ta a raina kafin ta fito.

Yayana ne ya mayar da janaretan gidanmu mai aiki da gas. Baba bai so ba, Yaya ya yi ta lallashi har ya yarda. Tun daga nan idan aka ɗauke wuta injin zai tashi lafiya lau, ana kunna famfon jan ruwa ko firiza sai ya fara tari, ya yi sheshsheƙa kamar wadda aka fasa aurenta, ya mutu. Bakanike ya zo ya canza fulogi, ya dawo ya wanke kabireta. Kullum a gabansa injin garau yake, don Baba kan sa a kashe komai kafin a taɓa shi. Yanzu Baba ya ce Yaya ya lalata masa kaya da iyayinsa, Yaya kuma ya daina cin abinci tare da mu. Jiya na ga jakarsa a buɗe a kan gado, wai zai koma ɗakin abokinsa. Yaya kaɗai ke tsokanata in yi dariya a gidan nan.

Ga abin da ke hana ni sukuni. Akwai wani lungu a bayan rumfar injin, nan nake ɓuya da rana in karanta littattafan soyayya, don Mama ta hana, kuma ƙarar injin takan rufe kiranta. Daga nan nake ganin ƙasan tukunyar gas ɗin yana yin gumi, har ya yi fari kamar ƙanƙara, dab da lokacin da injin zai mutu. Tiyon gas ɗin ma siriri ne, ya lanƙwashe a bayan bulo. Kan tukunyar kuwa irin na kicin ɗinmu ne. Ban san ko wannan wani abu ba ne. A littafi da tuni wani dogo mai sanyin murya ya shigo ya gyara komai, ni kuwa in na faɗa, za a tambaye ni me ya kai ni wurin. Ga ciwon kai kullum, ina jin tunani ne. Yaya zan yi?

Mai Ɓuya a Lungu

Amsa:

'Yata, kafin komai, ki bar lungun nan daga yau. Hayaƙin janareta yana kisa ba tare da an ji warinsa ba, kuma ba na jin tunani ne ke sa ki ciwon kai. Ki faɗa wa Mama a duba lafiyarki.

Abin da kika gani ba shirme ba ne. Idan tukunya ta yi wa inji ƙanƙanta, takan yi sanyi, ƙarfin gas ya ragu. Siririn tiyo da kan tukunyar nan, wato regileta ta girki, suna ƙara shaƙe injin, sai ya kasa ɗaukar kaya. Ba zan rantse daga nan ba, sai mai aikin gas ya auna ƙarfin yayin da famfo da firiza ke kunne. Ke kada ki taɓa komai. Kada a zuba wa tukunyar ruwan zafi, in kuma za a duba yoyo, da ruwan sabulu ake yi, ba da ashana ba.

Babanki yana da gaskiya da ya ji tsoro, gas ba abin wasa ba ne. Yayanki ma wataƙila dabararsa daidai ce, kayan haɗin ne ba su dace ba. Ki fara da shi, tunda da shi kika fi sakewa, kuma yau, kafin ya rufe jakar. In baki ya ƙi, ja hannunsa ki nuna masa daga nesa. Sai ya je wa Baba da ladabi, ya yarda da nasa kuskuren.

Za a tambayi me ya kai ki wurin, ki faɗi gaskiya. Mama za ta yi faɗa, ƙila ta karɓe littafi ɗaya ko biyu. Wannan ya fi sauƙi a kan ki riƙa wuce ɗakin Yaya a rufe. Allah Ya buɗe bakinki, Ya daidaita tsakaninsu.