Hawayen da Aka Yi wa Sajo

Unguwar Tudu, Gwarzo

Zuwa ga ƙanena Hadi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Gwaggo da mutanen Durun baki ɗaya. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ka fi ni baki.

Jiya na kalli fim ɗin da ka rubuta, a wayar Bilki ƙanwar maigidana, mu shida a tsakar gida. Tun da Sajo ya kora shanunsa kudu ya bar matarsa kwance da yara biyu, na gane labarin. Da ya dawo bayan shekara sha ɗaya yana dogara sanda, matan nan kuka suka yi ta yi masa. 'Yarsa da ta ƙi gaishe shi kuwa, Bilki cewa ta yi ba ta da imani.

Hadi, Baba ne wannan, ni ce 'yar. A zaman makokinsa na ba ka labarin don kana ƙarami lokacin da ya tafi, ba don ka kai wa duniya ba. Ka faɗa min da me Sajo ya cancanci hawayen mutane.

Yayarka, Zulaihat

Durun, Kabo

Zuwa ga Yaya Zulaihat,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gaida maigida da yara. Gwaggo tana amsawa.

Yaya, na canza sunaye da gari, kuma ban ce Sajo ya yi daidai ba. Amma cuta ce ta shiga garke, ya gudu da abin da ya rage, can ma suka ƙare, kunya ta hana shi dawowa hannu rabbana. Ni ban san Baba da ƙarfinsa ba, tsoho na sani mai yawan shiru. Idan mai kallo ya tausaya wa wanda ya yi laifi ya yi nadama, ban ga an zalunci kowa ba. Ki yi haƙuri idan ranki ya ɓaci.

Ƙanenki mai biyayya, Hadi

Hadi,

Salama. Muna lafiya.

Ka ce ba a zalunci kowa ba. Ka nuna kwana ukun da na ƙi yi masa magana, ka bar shekara huɗun da na yi ina wanke shi, ina ba shi kunu a baki. Ka bar ranar da Inna ta cika a amalanken maƙwabta kafin mu kai asibiti, don bai bar mana ko sa ɗaya ba. Bilki ta gane ni ce 'yar, yanzu in na shiga gidan suna sai mata su yi shiru.

Wanda ya fi ci min rai shi ne ƙarshen, inda Sajo ya riƙe hannun 'yarsa ya ce ta yafe masa. Baba bai taɓa faɗa ba. Kullum in na kai masa ruwan alwala ina sauraro, har ya rasu. Kalmar da ta sa aka yi masa kuka ƙarya ce ka ƙirƙira.

Allah ya kiyaye ka. Zulaihat

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma ina jin kunyarki.

Ban ƙirƙira ba. Ana gobe zai rasu, kin tafi ɗibar ruwa, ya kira ni ya ce: "Ka ce wa Zulaihatu na cuce ta, na cuci uwarta. Ta yafe min, ni na kasa kallon idonta." Na ce zan bari ki huce daga makoki. Da kika ba ni labarin Inna sai na ji tsoron kawo miki maganarsa, na yi ta ɗagawa. A takardar fim ta fi min sauƙin fita. Ki ba ni izini in zo Gwarzo ranar Juma'a.

Hadi

Hadi,

Na karanta sau uku. Shekara biyu ka riƙe saƙona, mutanen da ba su san shi ba suka riga ni ji.

Na yafe wa Baba yau da safe. Allah ya ji ƙansa da Inna.

Kai kuwa kada ka zo Juma'a. Ka gaida Gwaggo.

Zulaihat