Kakin Zuma Daga Misau

Bin Mahmud, Doha.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya Inna da mutanen Misau? Surukarku Safiyyatu na gaishe ku. Ke kuma Atine, tunda ke za ki karanta wa Baba, ban yarda ki tsallake ko layi ɗaya ba, na san halinki.

Mu nan sai godiya. Ina nan ina koyar da busa a makarantar kiɗa ta Al-Sadd, ɗalibai sai ƙaruwa suke. Har da wani likita ɗan Zariya, Dakta Umar Faruq, wanda matarsa ta taso ƙeyarsa don ta ji an ce busar na rage minshari. Babban mutum da tumbinsa, yana kumbura kumatu kamar mai hura wuta, ni kuwa ina ta danne dariya.

Baba, na san ba ka son jin sunan dijiridu, dogon itacen nan da nake busawa. Ranar da na dawo daga karatu a Ostireliya da ita a kafaɗa, ka leƙa cikinta ka ce gara ta ci itace, ɗan mai algaita ya kwaso abin da ta rage. Daga nan ba ka ƙara tayar da zancenta ba. Gaskiyarka, gara ce ke rarake ta. Amma dattijon da ya ba ni ita, ɗaya daga cikin asalin mutanen ƙasar, baƙi irinmu, ba haka kawai ya ba ni ba. Da ya ji na busa ban yanke ba, ina shaƙar iska ta hanci kumatuna na turawa, sai ya tambayi wanda ya koya mini. Na ba shi labarinka, da karan ganyen gwanda da ƙwaryar ruwan da kake sa ni hurawa, da ranƙwashin da nake sha in kumfa ta tsaya. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce in gaishe ka. Bara ya rasu. Mutanensu ba sa kiran sunan mamaci sai an daɗe, shi ya sa ban rubuta sunansa ba.

Ga abin da ya same ni. A bakin dijiridu akan naɗa kakin zuma inda leɓe ke zama, nawa kuwa dattijon nan ne ya murza mini da hannunsa. Ranar Juma'a na bar ta a mota na shiga masallaci, daga nan Abass, maƙwabcinmu ɗan Zangon Kumasi, ya ja ni cin wake da shinkafa. Ka ji zafin garin nan a labari ne kawai. Ko da na dawo, kakin ya narke ya bi kujera. Wallahi Baba na yi kuka, Abass na ta khalas, khalas, wato ya isa haka, ai akwai na roba a kanti. Akwai ɗin, amma zuciyata ta ƙi.

Roƙona shi ne ka aiko mini da kaki daga amyarka ta kan kuka. Bakin dijiridu bai wuce faɗin kofin shayi ba, ɗan kaɗan ya isa. Abdulbaqi, injiniyan nan ɗan gidan Liman, yana gida hutu, ƙarshen wata zai dawo. Ba kakin ne babu a duniya ba, albarkarka nake nema a kan sana'ar da nake ci da ita. In ya dawo hannu rabbana ba zan yi fushi ba, amma zan san matsayina.

Ka huta lafiya.
Ɗanka,
Baballe.

Bin Mahmud, Doha.

Babana,

Gaisuwa irin ta ɗa da mahaifi, da fatan ka tashi lafiya kai da Inna. Atine, wannan karon ki karanta da ƙarfi.

Abdulbaqi ya iso, ya miƙo mini ƙullin hankicinka. Na zaci curi zan gani. Sai na tarar da zobe murzajje, daidai faɗin kofin shayi, da shatin leɓe a jikinsa, ya ɗan lotsa ta hagu inda haƙoranka suka zube. Ban buƙaci a gaya mini bakin wa ya sha ba.

Abdulbaqi kuwa ya tona maka asiri. Ya ce ka sa Atine ta samo guntun gora aka fasa gaɓoɓinta, ka naɗa kakin, wai gwadawa kawai za ka yi kada ka aika wa yaro abin banza. Ya ce kwana da kwanaki kana bayan gida kana gurnani, awakin Inna sun ƙaurace wa gidan. Kai da ka rataye algaita tun da haƙora suka tafi! Ashe ka gano wannan ba ruwanta da haƙori, leɓe da numfashi kawai take so.

Na ɗumama zoben na manna yadda ya zo, ban gyara lotsawar ba, bakina ne ya koyi zama a ciki. Da shi na yi busa a bikin rufe zangon makaranta, zauren ya cika, Safiyyatu na gaba tana share hawaye. Matar Dakta ma ta aiko mana da dambun nama, ta ce yanzu ana barci a gidansu.

Baba, raina fari ƙal. In Allah ya kai mu Babbar Sallah zan zo maka da wata dijiridu marar nauyi, amma kada ka yar da gorar, ita nake so in fara ji. Kafin nan ka sani, kullum in zan fara darasi, inda ka sa bakinka nake sa nawa.

Allah ya ƙara maka lafiya da tsawon numfashi.
Ɗanka mai biyayya,
Baballe.